Ranar da Baba Ya Auna Ni Saboda Keke

A gidanmu ba a yi wa yaro abu daidai jikinsa. Babana tela ne, shagonsa na bakin layinmu a Makera, kuma duk unguwar ta shaide shi da iya awo. Idan wani Alhaji mai tumbi ya shigo, Baba zai zagaye shi da tef sau uku, ya ɗinka masa kaftanin da zai zauna masa kamar da shi aka haife shi. Mu 'ya'yansa kuwa kallo ɗaya yake mana daga sama zuwa ƙasa, ya ƙara shekara uku a kai, ya sa almakashi. In ka yi ƙorafi amsar ba ta canzawa: "Za ka girma ka same shi."

Na taɓa zuwa Idi da rigar da iska ta kusa kai ni Zariya a cikinta. Na gama firamare da takalmin da sai na cusa masa rabin jarida kafin ya yarda ya bi ni. Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce Yaya. Shekara biyu kacal ya ba ni, amma ya kwashe tsawon dangin Umma gaba ɗaya bai rage mini ko inci ba. Ni Baba na biyo. Saboda haka duk abin da aka saya mini ya yi mini yawa, sai a ce Yaya ya riƙe mini kafin in girma. Ya riƙe mini takalmin ƙwallo har takalmin ya buɗe baki yana dariya. Ya riƙe mini rigar sanyi har ta koma tsumman goge tukunya. Ban taɓa ganin abin da ya shiga riƙon Yaya ya fito da ransa ba.

Maganar keke ta samo asali ne daga ƙosai. Duk Asabar da sassafe ni Umma ke aika sayen ƙosai a bakin titi, kuma daidai lokacin ne masu keken tsere ke wucewa daga wajen Barnawa, su nufi hanyar Kachiya. Su kusan ashirin, maza da mata, kowa ya duƙa a kan keke mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai dai ka ji shuuu, ka waiwaya ka ga sun zama ƙudaje a can nesa. Ranar farko na tsaya kallo har mai ƙosai ta ce, "Kai ɗan tela, ka saya ko ka matsa, ka tare mini kasuwa." Tun daga ranar na ɗaura wa raina sai na shiga cikinsu.

Shekara guda na yi ina guga da ɗinkin maɓalli a shagon Baba. Na sayar da zomayena har da uwar garken da nake ji da ita. Da Baba ya ga abin ba wasa ba ne, sai ya ce zai cika mini, amma da sharaɗi.

"Sau ɗaya ne," in ji shi. "In ka zaɓi shirme, kai da wani keken sai dai bayan ka yi aure."

Akwai wani mai sayar da kekunan gwanjo ta wajen Kakuri, mutumin Kudancin Kaduna, siriri, mai ƙwauri kamar an ɗaure doya a ciki. An ce ya yi tsere a ƙuruciyarsa. Oga kowa ke ce masa. Na yi ta sintiri a shagonsa har ya ce ya kamata in fara biyan haya. Cikin kekunan tsere da ya rataye, biyu ne ƙarfina zai kai, kuma farashinsu ɗaya.

Na farko ja ne, jawur, yana ƙyalli kamar an shafa masa man ja. Giyarsa ta fi yawa, sirdinsa sabo. Na biyu ruwan toka ne, da ƙwarzane a gefe, an liƙe sirdinsa da baƙin salatif. In aka jera su, sai ka ce ango ne da wanda ya zo ɗaukar kujeru. Ni dai jan ya gama da ni. Har mafarki na yi ina shiga layinmu a kansa, mai ƙosai tana guɗa.

Saura mako guda mu zo saye Oga ya ce in gwada su. Na haye jan. Hannuwana suka miƙe iya miƙewa kafin su kamo kan, yatsuna na lallaɓar birki ba sa cimmasa, ƙafata kuma sai da tsinin yatsa take taɓa feda in ta yi ƙasa. Duk da haka na zagaya ina washe baki. Sai ga wata akuya ta shigo hanya. Na duro daga sirdi don in tsaya, ƙafafuna ba su kai ƙasa ba, ƙarfen tsakiya ya gaishe ni a wurin da ba a rubutawa a littafi. Na saki wata murya da ban san ina da ita ba. Akuyar ma sai da ta tsaya ta dube ni.

Oga ya yi dariya har ya riƙe bango. Da ya gama ya ce, "Abokina, keke yana da lamba kamar takalmi. Tsaya a kan wannan." Ya turo mini mai ruwan tokar. Na tsaya ƙarfen yana tsakanin ƙafafuna, tafin ƙafa biyu a ƙasa daram, ga 'yar tazara ta rage. Na hau. Birki ya zo hannuna da kansa. Na taka sau uku na ji iska a kunne. Sai haushi ya kama ni, domin mummunan ne ya san ni.

"Ka yi tunani da kyau," in ji Oga. "Abin da ya fita ƙofar nan ba ya dawowa."

Kwana uku ina jinyar zuciya, sannan na yanke: mai ruwan toka. Amma bakina ba ya da birki. Muna cin tuwo na ba da labarin akuya don a yi dariya, har na faɗi cewa jan ya fi girma kuma kuɗinsu ɗaya. Na ga Yaya ya tsaya da loma a hannu. Idonsa ya kawo wuta kamar an dawo da lantarki. Ranar saye, mutumin da ko shagon ƙofar gida ba ya raka ni, sai ga shi ya riga kowa shiryawa, har da turare.

Muka isa mu uku. Baba ya gaisa da Oga, suka tambayi iyali da kasuwa, sannan ya shiga duba kekuna irin dubansa na yadi. Ya ƙwanƙwasa jan da farce, ya kara kunne. Ya murza taya. Ya dubi mai ruwan tokar sau ɗaya, irin kallon da yake wa shaddar da aka wanke ta kode.

"Oga, ka ce kuɗinsu ɗaya?"

"Ɗaya ne, Malam."

"To ina abin tunani a nan? Ga ƙarfe ya fi yawa, ga fenti sabo. A ba mu jan."

"Gaskiya Baba ka iya zaɓe," in ji Yaya, yana shafa sirdin kamar kan jariri. "Kafin ya girma ni sai in riƙa ɗan motsa masa shi, kada ya yi tsatsa."

Shekara guda ta guga, da zomayena, duk za su tafi riƙo.

Oga ya ɗan gwada. "Malam, keke fa ba babbar riga ba ce. Wannan ya yi wa yaron yawa."

"Haba Oga, yaro ɗan shekara sha shida? Yanzu ma yake tashi. Za ya girma ya same shi."

Oga ya ɗaga kafaɗa ya dube ni. Shi ko wanne aka ɗauka ya yi ciniki. Baba ya sa hannu a aljihu.

Ban taɓa yi wa Baba musu a gaban mutane ba, kuma ranar ma ban yi niyyar farawa ba. Sai na durƙusa a gabansa, a cikin baƙin mai da ƙura, na ce, "Baba, ina da magana, in ka ba ni izini."

"Ina jin ka."

Na kamo ƙafar wandona na juya ta waje. "Wandon nan Sallar bara waccan ka ɗinka mini. Ka yi masa kalmasa inci uku, ka ce za a sake ta in na ƙara tsawo. Ga ta nan, Baba. Zarenka ne, ba wanda ya taɓa shi. Har gwiwar ta fara cinyewa, tsawon bai iso ba."

Yaya ya ce, "Yana hanya."

"In yana hanya to a ƙafa yake tahowa," na ce. Oga ya juya baya yana tari.

Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya kama kalmasar da yatsu biyu, ya daɗe yana kallonta. Na san in na yi shiru a nan an gama da ni, sai na ƙarasa.

"Baba, kowa a Makera ka auna shi. Ni ba ka taɓa sa mini tef ba. Yau ɗaya dai ka auna ni kamar kwastoma. In awo ya ce ja, wallahi ja zan ɗauka, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Wannan rantsuwar da ƙarfin hali na yi ta. Baba kuwa tef ɗinsa ba ya barin wuyansa, ko ɗaurin aure da shi yake zuwa a ƙarƙashin riga. Ya dubi Oga.

"Wai shi ma keken yana da awo?"

"Sosai, Malam. Daga tsakanin ƙafa zuwa ƙasa, ba takalmi. Sai ka auna daga wannan ƙarfen zuwa ƙasa. Dole yaron ya fi ƙarfen, ko da yatsa biyu ne."

"Ikon Allah," in ji Baba. Na ga fuskarsa ta canza, ta koma irin ta shago. Ya zaro tef. "Cire takalmi. Jingina da bango. Miƙe sosai. Ban ce ka yi ɗage ba, ɗan banza, sauke dunduniya."

Ya auna ni. Ya motsa leɓe. Ya sake aunawa, wai ko tef ɗin ya yi kuskure. Ya je ya auna jan. Ya auna mai ruwan tokar, ya ce, "Uhm." Ya dawo ya auna hannuna daga kafaɗa zuwa yatsa, ya auna daga sirdi zuwa kan kowane keke, abin da ba wanda ya ce ya yi. Masu gyaran babur na maƙwabta har sun fara taruwa. Sannan ya juya.

"Kai, zo nan."

"Ni, Baba?" in ji Yaya. "Ai ba ni za a saya wa ba."

"Cire takalmi."

Ya auna shi sau ɗaya. Ya dubi lambar, ya dubi jan keke, ya dubi Yaya.

"Ashe kai na zo yi wa ɗinki ban sani ba. Shi ya sa ka sha turare."

Masu gyaran babur suka kwashe da dariya. Yaya ya ce shi dai taimako ya zo yi, kuma a duniyar nan ba a gode wa mai taimako.

Na ɗauka an gama, amma Baba bai saba yanka abu cif ba, hannunsa ba ya yarda. Ya zagaya mai ruwan tokar yana ɓata fuska.

"To in Allah ya yi ikonsa yaron nan ya ƙara tsawo fa? Mu zubar?"

Oga ya ɗauko ɗan ƙaramin makulli ya kwance wani ƙusa a ƙarƙashin sirdi, ya ja sirdin sama. Sandar ta fito kusan tsawon tafin hannu. Baba ya ɗora mata tef nan take.

"Inci huɗu," ya ce, ransa ya yi fari. "To ai akwai kalmasa. Me ya sa tun ɗazu ba ka faɗa ba? Mayar masa daidai shi. Mun ɗauka."

Ni na tuƙo shi zuwa gida, su suka biyo a adaidaita. Na riga su isowa, na tsaya a ƙofar gida ina haki ina yi kamar na daɗe. Da la'asar Yaya ya ce a ba shi ya ɗan gwada, don ya tabbatar ba a cuce ni ba. Na miƙa masa da ladabi. Ya hau, gwiwoyinsa suka tashi har suna neman kunnuwansa, ya yi kama da fara a kan tsinke. Bai kai ƙarshen layi ba ya dawo ya jingina shi da bango, ya ce keken yara ne, shi ba ya hawan irin wannan. Umma ta leƙo ta ce, "To madalla, sai ka bar wa yaran."

Asabar ta zagayo. Na idar da sallar asuba na fita, na ce wa Umma yau a aiki mai dogayen ƙafafu sayen ƙosai. Da suka zo wucewa na faɗa bayansu. Minti biyar na yi a cikinsu, minti biyar mafi daɗi a rayuwata, sannan hanya ta fara hawa, suka fara ƙanƙancewa a gabana. Ƙirjina ya kama wuta. Wani dattijo mai furfura a gemu ya rage gudu ya jero da ni.

"Sabon shiga, sauke giya, kada ka kashe kanka. Ina za ka?"

"Inda za ku, Baba."

"Yau ba za ka kai ba."

"To ina zan kai?"

Ya nuna wani gidan mai a can saman hawan. Na sauke giya, na duƙa, na taka. Na kai gidan man, na wuce shi da turakun lantarki biyu don kada a raina ni, sannan na sauka na kwanta a gindin wani mangwaro ina kallon sama. Da na huta na tashi, na ɗaure tsumma a jikin turken na biyu, don in san inda zan wuce mako mai zuwa.