Ranar da Surukata Ta Cinye Teku

Ni direba ne, a tashar Kawo na tsufa. Boko kuwa firamare ma ban ƙarasa ba. Amma 'yata ta biyu ta kafe sai ta karanci ilimin duwatsu a jami'a, na ce je ki, dutse dai ba ya cizo.

Shekararta ta ƙarshe ta ce in kai ta wajen Sakkwato ta ɗebo ƙasa. Na ce ƙasar Kaduna ta ƙare ne? Ta ce a'a Baba, can a da teku ne. Na dube ta. Wurin da na sha tsayawa ina roƙon ruwan zuba wa lagireto, wai teku.

Muka je. Wani gefen kwazazzabo ne, ƙasar hawa-hawa, fara a nan, toka-toka a can. Kowane hawa ta sassaro ta ƙulle a ledarsa daban. Ta ce a ciki akwai ɓawon 'yan halittun ruwa kamar dodon koɗi, ƙwayar gero ma ta fi su girma. Kowane iri da zamanin da ya rayu, in ka gane wanda ke cikin hawa, ka san shekarun hawan.

Wannan na gane. Nuna mini tsohon hoton tasha, motocin da ke ciki za su gaya mini lokacin da aka ɗauka.

Hawan can ƙasa shi ne mai wuya. Sai da ta shiga rami har ƙugu, ta samo ɗan dunƙule ɗaya, fari tas. Ta ce duk aikinta a kansa ya rataya, in babu shi sai ta maimaita shekara, don damina na sauka ramin ya cika.

Muka dawo Unguwar Dosa, ta jera ledojin a ƙarƙashin gadon uwarta, za ta wuce da su jami'arsu a Zariya bayan hutu. A lokacin matar babban ɗana tana gidan da tsohon ciki, ga ta da kwaɗayin farar ƙasa. An hana ta a asibiti, mijinta ya hana yaran unguwa sayo mata.

Ranar tafiya ina wanke mota na ji ihu. Na shiga, 'yata riƙe da ledar farin dunƙulen nan, babu komai a ciki.

"Anti, ina ƙasata?"

"Wace ƙasar? Au, tsarabar Sakkwato? Wallahi ƙamshinta ne ya yi ta kirana."

"Kin cinye mini digiri!"

"Ke, rufa mini asiri, ko daɗi babu. Duk yashi, garas-garas, ta kusa fasa mini haƙori."

Uwarsu ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ban yi dariya ba. Komawa Sakkwato na tuna, da ciwon bayana, da ramukan hanyar Gusau, ga hadari ya fara haɗowa.

'Yata ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka. Surukar tawa jikinta ya yi sanyi, ta fara kare kanta. Wai ai ba duka ta ci ba, da yashin ya dame ta jiƙawa ta yi ta tace da sabon ƙyallen tatar koko, ta shanya mai laushin.

Kukan ya tsaya cak.

"Abin da ya rage a ƙyallen fa?"

"Yana bayan randa, na ƙulle kar yayanki ya gani."

Ashe a makarantar ma haka suke yi: su jiƙa, su tace, su zubar da laka, tsakin suke nema. 'Yata ta kwance ƙyallen a hankali kamar mai buɗe jariri. Ni dai yashi na gani, bai cika cokali ba.

Na kai ta Zariya da kaina. Ta gaya wa malaminta gaskiya, ya yi dariya har da tari, ya ce a duba. Aka bar ni na leƙa madubin nan mai ƙara girman abu. Ga su nan kuwa, 'yan dunƙule-dunƙule masu ɗaki-ɗaki, wasu a naɗe kamar gammo. Wai miliyoyin shekaru. Na ce Allah mai iko, na fita na duba tayata.

Ta gama, ba ta maimaita ba. Sauran ledojin da ba ta tafi da su Zariya ba kuwa tun ranar a but ɗin motata suka koma kwana, makullin yana aljihuna, har surukata ta sauka lafiya.