Tanda Ta Biyu

Har yau idan ƙamshin masa ya bugi hancina da safe, sai tunani ya ɗauke ni. Kai mai karatu wataƙila karin kumallo kake tunawa. Ni kuwa sadakar mamaci nake tunawa, wadda aka hana mu yi.

Ina ɗan firamare lokacin da masu tayar da ƙayar baya suka shigo garin da mahaifina yake koyarwa, can arewacin jiha. Ya ɗora mu a bayan wata babbar mota, ni da ƙannena da mahaifiyarmu da muke kira Dada, ya ce zai koma ya ɗauko wani tsoho maƙwabcinmu da ba ya iya tafiya. Ganinmu da shi ke nan. Ba gawa, ba labari.

Muka sauka a gidan kakanmu a tsohon garin Yola, ya ba mu ɗakuna biyu kusa da bishiyar mangwaro. Dada ta kafa tanda a ƙofar gida tana suyar masa, da ita muke ci, da ita muke zuwa makaranta. Kaka kuwa kullum bayan la'asar yana zaune a zaure, idonsa a kan hanya. Haka ya yi ta kallo har damina ta zagayo, Allah ya karɓi abinsa.

Sai maganar gado ta taso. Bappa, yayan mahaifina, ya ce wanda ya ɓata a fagen yaƙi ai mamaci ne tun ranar. In kuwa mahaifina ya riga Kaka mutuwa, to ba shi da rabo, mu jikoki ma ba mu da ko bulo ɗaya. A sayar da gida, a raba. Ba zan ce Bappa mugu ba ne, yana da 'ya'ya rututu, shagonsa na Jimeta kuma ya durƙushe. Amma wallahi a lokacin ko inuwarsa ba na son gani.

Wani lauya ɗan unguwarmu ya tsaya mana saboda Allah. Na tuna ranar da ya durƙusa gaban Dada ya ce, "Goggo, abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki shiga takaba, kada ki karɓi gaisuwa, kada a yi sadaka a gidan nan. Ranar da kika yarda ya rasu, kin ba su shaida da bakinki."

To, ka ji inda ƙaddara ta ɗaure mu. Matar da take soya wa unguwa masar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ita ce ba ta da ikon soya wa mijinta ko guda ɗaya.

Akwai wata tsohuwa da muka gudo tare, tana zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Ta tako takanas a tsakiyar zafin bazara, zufa har gwiwa, ta zauna ta kama hannun Dada ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Amin ɗin ya zo wa Dada har baki. Sai ta haɗiye ta ce, "Inna, ba mu yi rashi ba. Tafiya ya yi." Tsohuwar ta tafi tana jin an wulaƙanta ta. Dada kuwa ta shige banɗaki ta yi kukanta, don ko kukan ma ba a so maƙwabta su ji.

Shari'a sai ta zama tsani. Wannan kotu ta ba Bappa gaskiya, ta gaba ta ba mu, ta gaba da ita ta tabbatar, Bappa ya ce sai Abuja. Ni dai na shiga maganar ina wasan langa, na fito da gemu. Mangwaron ya yi ta 'ya'ya yana zubarwa, gashin Dada ya yi fari fat. Malamai sun faɗa mata tana da damar neman a raba auren tunda an daɗe, ta ce a'a, kada a ce ita ma ta cire rai.

Ranar da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, lauya ya zo da kansa yana murmushi. Alƙalai sun ce mahaifina ba mayaƙi ba ne, ba kuma wanda ya ga gawarsa, saboda haka rayayye ne a idon shari'a har sai tsararrakinsa sun ƙare. A ajiye rabonsa, ba mai fitar da mu.

Ƙannena suka yi ta tsalle. Dada kuwa ta ce, "Alhamdu lillahi. To, ni yaushe zan ce Allah ya jiƙansa?"

Ba ta taɓa faɗa ba. Bakin ya riga ya saba da haɗiyewa. Amma da ciwon ajali ya kwantar da ita bara, ta jawo ni kusa ta ce, "Ranar sadakata ka ƙara shinkafa. A yi ta mutum biyu."

Na cika mata. Ranar uku na sa aka kafa tanda biyu a gindin mangwaro. Unguwar ta canja, masu saye sun rushe gidajen ƙasa sun tayar da benaye, namu ne kaɗai ya rage da tsohon zaurensa. Ina tsaye sai ga Bappa yana dogara sanda, shekara da shekaru ba ya taka gidan. Ya dubi tandar farko, ya dubi ta biyu.

"Wannan fa, ɗana?"

Na ce, "Ta ƙaninka ce, Bappa."

Sai ya zube a kan tabarma yana kuka kamar yaro. Ashe shi ma duk shekarun nan ba wanda ya taɓa yi masa gaisuwar ɗan'uwansa. Da ya share ido ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Na waiwayi ɗakin Dada, ƙofa a rufe. Sannan na ce amin.