Ranar da Iya Ta Kulle Rijiyarta

Kaf unguwar babu wanda bai san Iya mai rijiya ba. Tsohuwa ce 'yar firit, ga faɗa ga kyauta. Sai ta wanke ki tas don kin jiƙa mata tsakar gida, sannan ta miƙo miki guga ta ce ƙara. Mijinta ne ya haƙa rijiyar da hannunsa. Tun da ya rasu, 'ya'ya kuma suka watse neman abinci, rijiyar nan ce ke kawo mata mutane. Gari na wayewa mata za su cika gidan da bokitai da surutu, ita kuwa tana kan 'yar kujerarta tana yi wa kowa tsiya.

Da damina ta yi nisa, sai amai da gudawa suka shiga yaran unguwar. Wani ma'aikacin lafiya ya zo ya ɗebi ruwan a kwalba, bayan kwana biyu ya dawo yana sosa ƙeya.

"Iya, sai haƙuri. Ramin masai da aka haƙa a bayan katangarki ne ke tsiyayowa cikin rijiyar. Dole a rufe ta."

Tabɗi! Iya ta ɗebo kofi guda ta ɗaga sama. "Ɗan nan, buɗe idonka ka gani, garau! Tun ba a haifi uwarka ba nake shan ruwan nan." Ta shanye a gabansa, ta nuna masa ƙofa.

Ba wai ba ta yarda ba ne fa. Tsoro take ji. In aka rufe rijiya, wa zai ƙara leƙo ta?

Ana haka aka kwantar da 'yar gidan tela a asibiti, yarinyar da Iya ke kira ƙawata. Iya ta je dubiya, ta tarar ana yi mata ƙarin ruwa, idanu sun faɗa, ko murmushi ta kasa. Matar tela ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, kada ki damu, ba daga wajenki ba ne." Wannan kara da aka yi mata ita ta karya mata zuciya, don ta san da hannunta take ba yarinyar ruwa kullum.

Daga asibiti wajen mai walda ta wuce. Kafin magariba an ɗora murfin ƙarfe, ita da kanta ta danna kwaɗo. Ta dafa bakin rijiyar, ta tuna da mijinta, ta ce, "Malam, ka yafe ni."

Kwanaki suka wuce, tsakar gida a bushe ƙamas, shiru kamar an yi mutuwa. Iya ta share inda babu datti, ta koma ta zauna.

Wata safiya sai ga sallama. Matar tela ce, goye da ƙawar Iya, yarinyar ta rame amma tana dariya. Bayanta mata ne a jere, kowacce da bokiti cike daga rijiyar burtsatse. Suka nufi randar Iya suna juyewa, ruwa na fantsama ko'ina, surutu ya kaure.

Iya ta miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ke! Haka za ki jiƙa min tsakar gida?"