Saƙon Muryar Da Ya Sauke Ɗan Maƙwabciyarmu Daga Jirgi

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ni ɗalibar jami'a ce a nan Makka, ina karanta adabin Larabci. Mahaifina malami ne, ya taho karatu daga Kano tun ina goye, muka zauna a unguwar Rusaifa. Ba ni da hayaniya, na fi son zama bakin taga, amma Allah ya jarrabe ni da son magana mai daɗi. In na ga abu, kafin in tambayi mene ne shi, na riga na fara nemo kalmomin da zan yi masa ado da su. Ƙawayen Ummata sukan sa ni in tsara musu saƙon barka ko na ta'aziyya, su yi ta yabona, ni kuwa in sunkuyar da kai alhali zuciyata tana rawa.

A benen da ke kallon namu akwai wata dattijuwa da muke kira Hala, Bahaushiya haifaffiyar nan, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya mace da ɗa namiji. Ɗan ya gama makarantar tuƙin jirgi, sai wani ƙaramin kamfani mai jigila tsakanin garuruwan cikin ƙasa ya ɗauke shi a shirinsa na sababbin matuƙa. Yakan zauna a kujerar dama, gogaggen kyaftin a ta hagu, har ya tara awannin da ake bukata. Samarin unguwa suna tsokanarsa da direban sama, suna tambayarsa ko jirgin yana da ribas. Hala dai ba ta taɓa son aikin ba. Ta amince ne don ya daɗe yana roƙonta, kuma duk ranar da zai tashi carbi ba ya barin hannunta sai ya kira.

Wani hutu muka shirya zuwa garin Abha ni da Umma wajen yayata. A filin jirgin Jidda muka yi kiciɓis da shi cikin farar rigarsa, ashe jirginsu za mu shiga. Ya rusuna ya gaida Umma, ita kuma ta ce masa ya tuƙa a hankali don tana da hawan jini kuma ba ta rubuta wasiyya ba. Ya yi dariya, ya ce ai ma yau shi zai saukar da mu, kyaftin yana gefensa. Tafiya ta yi daɗi har muka iso kan duwatsun Abha, gajimare yana kwance a kansu kamar auduga. Muna dab da taɓa ƙasa, har ina ganin fentin titin, sai injin ya yi ruri, hancin jirgi ya ɗaga, muka koma sama da ƙarfi. Wata mata ta rafka salati, Umma ta damƙe hannuna. Muka yi kewaye muka dawo, muka sauka lafiya lau. Kyaftin ya yi bayani a lasifika, na ji ya ambaci iska, amma ban saurara ba. Na riga na fara tsara jimloli.

Da yammacin ranar na aika saƙon murya a zauren matan unguwarmu na waya. Na ce mun ga kabarinmu a buɗe ya sake rufewa. Na ce kamfanoni suna ɗora rayukan iyayenmu a hannun yaran da gemunsu bai gama fitowa ba, suna koyon sana'a da wuyanmu. Ban faɗi sunansa ba, na dai ce ɗan unguwarmu ne, kuma matuƙin jirgi ɗaya ne a unguwar. Aka yi ta yaba yadda na tsara maganar. Kafin mu dawo saƙon ya kai unguwar Hindawiyya, ya dawo da ƙarin gishiri, wai har fiffike ya goga ƙasa. Haka ya isa kunnen Hala.

Sauran labarin daga bakin 'yarta na ji. Hala ta kira ɗanta ta rantse cewa in ya sake zama a kujerar nan ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ya yi bayani ba ta saurara ba. Har kyaftin ɗin, dattijo mai furfura, ya taho Makka takanas. Ya ce mata iska ce ta juya a ƙarshen sauka, kuma abin da ake koya wa kowane matuƙi ke nan, in sauka ba ta daidaita ba a fasa a sake. Ya ce yaron ne ya fara lura tun kafin shi ya buɗe baki, kuma ya ga manya da girman kai ya sa suka nace sai sun sauka aka yi da-na-sani. Hala ta ba shi gahawa da dabino, ta gode masa, sannan ta ce shi dole ya kare kamfaninsa, amma 'yar Malam tana cikin jirgin, ta yi karatu, kuma ba a taɓa jin ta da ƙarya ba.

Wannan maganar ce ta fi ƙona ni, kuma a nan na yi laifi na biyu. Na ji duk wannan, gidansu yana kallon namu, amma na yi shiru. Na ce wa kaina ai ban ambaci suna ba. Gaskiyar ita ce ina jin kunyar in koma zauren da aka yabe ni in ce ban san abin da nake faɗa ba. Shi kuwa ya bi umarnin mahaifiyarsa, ya ajiye aikin. Ya koma jan tasi a Hindawiyya, lokacin Hajji kuma ya ja motar alhazai zuwa Mina.

Bayan Hajjin na gan shi a ƙofar gida yana wanke mota, rana ta ƙona shi. Ya kira ni ƙanwata kamar kullum, ya tambaye ni ko ana nan ana karatun waƙe-waƙen Larabcin, ya ce a gaida Umma da hawan jininta. Babu ɗigon haushi a muryarsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A ranar na haura wajen Hala na gaya mata cewa ban ga kabari ba, tsoro na ji na yi masa kwalliya, kuma ban ma saurari bayanin kyaftin ba. Ta kira ni ya binti, wato 'yata, ta tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na ce mata kunya ce ta hana ni. Ta yi kaffarar rantsuwarta ta sa masa albarka, na kuma aika sabon saƙo a zauren, sai dai bai yi tafiyar na farko ba. Kamfanin ya riga ya ba wani kujerarsa, abokan shigarsa sun yi gaba. Har yau yana jiran a sake buɗe shirin.

Yanzu in ana muhawara ko ya dace a ba sababbin matuƙa kujera, ba na tsoma baki da sauri. Abin da na gane shi ne babu kyaftin da aka haifa da furfura, kuma abin tambaya shi ne wa ke zaune a gefen ɗan koyon da irin horon da aka ba shi. 'Yan'uwana mata, musamman waɗanda Allah ya ba baiwar magana, ku tambaya kafin ku danna aikawa, domin mutuncin gidanku yana bin maganarku ya sa a gaskata ta. Shi da ya ga sauka ba ta daidaita ba ya fasa ya sake, ya kai mu gida lafiya. Ni na ga tawa maganar ta karkace na nace a kanta, kuma shi ne yake biya. Ku sa shi a addu'a, ni kuma ku nema mini gafara.