Sabon Ƙarfe a Rafin Zoza

Mun tashi daga Kano da asuba, ni da wani abokina malamin dabbobi, da kula ɗaya cike da ƙanƙara da kwalaben rigakafin ciwon huhu na shanu. Baffana, ƙanin mahaifina, yana ruga a bayan Zoza ta ƙasar Rogo, kuma cutar ta riga ta shiga garken maƙwabtansa. Ya ce zai tsare shanunsa, ba za su fita kiwo ba sai mun zo. Tun a gida abokin nawa ya gaya mini ƙanƙarar ba za ta wuce azahar ba, idan maganin ya ɗumama kuwa ya zama ruwan banza. Na ce ya kwantar da hankalinsa, motata ba ta da ba ce.

Ga dalilin cika bakin. Motar tawa tsohuwa ce, mai ja da ƙafa huɗu. A tsakiyar kowace ƙafa akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora, makanikai suna ce masa filanji, shi ke riƙe kan shaf, wato sandar da ke juya ƙafar. Duk damina sai haƙoran ɗaya sun cinye a taɓo, in sauka in kwance in sa wani. Aikin minti ashirin ne, amma na gaji da tsugunno a laka da farar riga. Sai na je kasuwar kayan gyara, mai shago ya ɗauko mini shaf da filanji masu sheƙi, ya rantse hebi-duti ne, ko tirela na ɗaura ba abin da zai same su. Aka sa mini na baya duka biyu, na kwaso tsofaffin na watsa bayan ƙofa.

Rana ta ɗan ɗago muka shiga Karaye. Masara ta yi kore shar hagu da dama, ramukan hanya kuwa sun sha ruwa sun ƙoshi. Muka karya da koko da ƙosai a tasha. Ƙosan yanzu sai ka sa tabarau kafin ka gan shi, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. A nan tsohon makanikena ya hango motar. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da damina, sai ya tsuguna ya ƙwanƙwasa sabon filanjin da ɗan yatsa.

"Alhaji, na da ɗin nan da gangan aka yi shi da laushi," in ji shi. "Idan mota ta ji wuya, shi ke fara cinyewa, ka canja ka wuce. Yanzu ka hana shi cinyewa, to wahalar ciki za ta shige. Kana ma da makullin notinan nan?"

Na ce akwatin sifana na nan cike. A raina na ce baƙin ciki yake, an tare masa hanyar abinci.

A Rogo muka ci karo da surukin Baffa, dattijo mai furfura, zaune a kan buhunan taki takwas yana jiran abin hawa. Ya gane ni, ya kira sunan mahaifina ya yi masa addu'a. To ina bakin cewa a'a? Kafin a gama lodi maƙwabcinsa ya fito da buhu uku da injin ban-ruwa. Abokina yana ta kallon kula yana kallon agogo, ni kuwa ina cewa a ƙaro, ai ƙarfe ne a ƙasa.

Bayan Zoza akwai wani rafi da ruwan jiya ya mayar da shi kunu. Masu babur ta kan kunyar gona suke raɓewa su wuce. Da a da ne, sai na sauke rabin kayan tukuna. Na sa babbar giya na taka totur. A tsakiya ƙafar baya ta yi ta juyawa a banza, can ta kama dutse, sai muka ji ƙas daga ƙarƙashi. Filanjin yana nan garau, yana sheƙi. Tukunyar giyar da ke tsakanin ƙafafun baya ce ta farfashe haƙora, ƙafafun suka cije.

Maganin wannan na san shi: ka zare shaf ɗin baya, ka kwance farfela, doguwar sandar da ke kai juyi daga inji zuwa baya, ka lallaɓa da ƙafafun gaba. Na buɗe akwati, na gwada sifana ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na dubi notinan da kyau. Kansu mulmulalle ne, da ɗan rami mai kusurwa shida a tsakiya, sai da makullin alanki. Ba ni da shi, kuma mai shagon bai ga dalilin ambata mini ba.

Manoma suka baro noma suka kewaye mu. Kowa sai ya gaishe ni ya yi mini sannu kafin ya kawo shawararsa, wani filaya, wani bakin fartanya. Muka aiki mai babur Rogo, ya dawo da alanki na gyaran keke. Tun ƙarfe sha ɗaya abokina yake cewa mu hau babur da kular. Ni na hana. Na yi ta cewa minti goma, don ba na son Baffa ya gan ni a bayan babur bayan duk kurin da na yi masa a waya. Wannan shi ya fi ƙona mini rai har yau.

Sai bayan azahar na haƙura, muka hau babur da kular. Muka isa rugar dab da la'asar, tun daga nesa muna jin kukan shanu, sun yini ba ci. Abokina ya buɗe kula ya tsoma hannu, ya ji ruwa ya ɗumama, sannan ya ce ba zai yi wa shanun mutane allurar ƙarya ba.

Baffa ya dube ni ya ce, "Sannunku da hanya, ɗana. Ku zauna ku sha fura." Ya juya ya ce a saki shanun.

Washegari tarakta ta ja motar zuwa Karaye. Tsohon makaniken bai ce mini ai na gaya maka ba, ya dai ciro alanki daga aljihu ya fara aiki. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka dawo Kano a bas, a matse.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, amma ya yi tsada: kafin ka ƙara wa abu ƙarfi, ka tambayi abin da zai karye a madadinsa. Tsofaffin filanjin na ɗauko su daga bayan ƙofa na wanke da kananzir, za su koma inda suka fito.

Sai da aka kwana huɗu aka sami wani rigakafin, abokina ya kai shi a babur, shi kaɗai. Kafin nan shanu biyu sun fara tari, an ware su. Jiya na kira Baffa na tambaye shi jikinsu.

Ya ce, "Ɗaya ta miƙe, alhamdulillahi. Ɗayar mun yanka. Yaya motar?"