Sunan da Hajo Ba Ta Kira Ba

A Turba, idan aka ce Hajo mai nono, ba sai an ƙara bayani ba. Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya, ga murya. Mutane har tsokanarta suke yi, wai in ta tsaya a bakin rugarsu ta ce "A sai nono," matan garin Isa sai su fara wanke kwano. Shekara kusan talatin ta yi tana ratsa gonakin gero da ƙwarya uku a ka. Ba a taɓa kama ta da zuba ruwa a nono ba, kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Mijinta Wakili makiyayi ne mai 'yar gona, mutum shiru-shiru, wanda ya bar mata magana tun ranar da aka kai ta ɗakinsa.

Abu ɗaya ne wannan murya ba ta taɓa furtawa ba, shi ne sunan 'yarta ta fari, Mardiyya.

Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Sauran mata suna yi ne da sassauci, in babu idon kowa su ɗan saki jiki. Hajo kuwa ta riƙe abin da gaske, kamar za a raba kyauta. Da aka yaye yarinyar, surukarta Inna Larai ta ɗauke ta, ta goya ta, ta raine ta. Mardiyya ta tashi tana ce wa kakarta Inna, uwar da ta haife ta kuma tana ce mata Adda, kamar wata yayarta. Mata na cewa, "Kai, Hajo akwai kunya," ita kuwa ta sunkuyar da kai, a ranta tana jin daɗi.

Mardiyya na da shekara takwas Inna Larai ta rasu, yarinyar ta dawo ɗakin uwarta. A nan ne aka yi kuskuren da babu wanda ya lura da shi. Wadda al'ada ta ɗora wa kula da yarinyar tana kabari, wadda ta rage kuma al'ada ta ɗaure mata baki. Hajo na ce mata "ke," in tana zancenta da wani ta ce "waccan," ko "yarinyar Inna." Tana son ta, wannan babu ja. Man shanu mafi kyau a kwanon Mardiyya yake sauka, a ɓoye, a ƙarƙashin tuwo. Amma man shanu ba ya tambayar mutum ina ke masa ciwo.

Aikin Mardiyya shi ne wankin ƙore. Hajo ba ta yarda da ƙwaryar da ba ta yi fes ba, don haka safe da yamma yarinyar na tafkin bayan ruga, ruwa har gwiwa, tana dirza da yashi. Tafki ne mai kwance, shanu na sha, yara na wanka, katantanwa ƙanana sun cika bakinsa.

Wata rana, tana da shekara goma, ta zo ta tsaya a bayan Hajo, mata sun taru ana daka. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Adda, hitsarina ja na."

Hajo ta ji sarai. Sai dai mata huɗu na kallonta, biyu daga ciki dangin Wakili ne. Ba ta waiwaya ba, ta dubi turmi ta ce da iska, "Tsargiya ta, kowa ya yi. A ba ta jar kanwa, wucewa za ta yi."

Gaskiya ne kowa ya yi. A ƙauyukan nan yaro ya yi fitsarin jini ba labari ba ne, samari ma har alfahari suke yi da shi, wai alamar girma ce. Mardiyya ta sha kanwa, ta koma tafki. Ba ta sake ɗago maganar ba, Hajo kuma ba ta tambaya ba.

Shekara ta zagayo, da farkon damina, wasu ma'aikatan lafiya biyu suka zo a kan babur da kwalin magani da wata doguwar sanda mai zane-zane. Suka sauka a gindin tsamiya suka ce maganin tsargiya ne, a ba kowane yaro abinci tukuna, sannan a kawo shi. Yaro zai tsaya jikin sanda, inda kansa ya kai a nan za a san ƙwaya nawa zai sha. Hajo ta buɗe murya ta ƙwala wa ƙananan 'ya'yanta kira, "Hamza! Basira!" Suka zo a guje, ta ɗura musu fura, suka sha magani, aka ce su zauna a inuwa kada jiri ya kwashe su.

Hadari ya taso daga gabas, ma'aikatan na sauri don akwai wata ruga a gabansu. Babban cikinsu ya rufe kwali ya ce, "Inna, akwai sauran yaro gidanku?"

Daga gindin tsamiya ana hango tafki. 'Yan mata sun kai goma a bakinsa, Mardiyya na cikinsu da ƙwarya a hannu. In Hajo ta ce "ke," duk goman ne za su waiwayo ko kuma babu ko ɗaya. Yaran da za ta aika duk an zaunar da su. Ta taka da ƙafarta ta riƙo hannun 'yar fari a gaban duk matan ruga da iyayen mijinta? Abin da ya rage shi ne suna, kalma ɗaya, ga muryar da ake ji har kasuwa. Ta ɗaga hannu ta kai gefen baki. Sai ta ji idon mata a bayanta, ta mayar da hannun ta gyara ɗankwali.

"Babu," in ji ta. "Sun ƙare."

A ranta ta ce baɗi ma rana ce. Baɗi suka zo, Hajo da yara suna can wajen kiwo. Daga nan hanya ta lalace, zaman daji ya gagara saboda ɓarayin shanu, masu sanda ba su sake zuwa ba. Shanun Wakili suka ragu, iyalin suka tattara suka koma cikin Isa. Hajo ta ci gaba da tallar fura, wani lokaci da nonon madarar gari, abin da take yi tana kawar da kai.

Mardiyya ta girma, ta zaɓi Badaru, wani mai fataucin kaya a babur tsakanin Burkusuma da Nijar, aka kai ta Burkusuma. Jinin ya daɗe da ɗaukewa, kowa ya ɗauka an gama. Sai ciwon baya ya fara, da zafin fitsari, da zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Aka ce sanyi ne, aka sha saiwa. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi. Badaru ya sayo ƙwayoyi daga ƙetaren iyaka masu rubutun Faransanci, aka yi allurai a kemis. Shekara biyar ana haka. Duk lokacin da labari ya iso Isa, Hajo sai ta ce da Basira, "Ki tai ki gano waccan," ta haɗa man shanu a kwalba ta ba ta.

A bara ne ƙafafun Mardiyya suka kumbura, fuskarta ta cika, abinci ya ƙi zama. Asibitin kusa suka ce a wuce Sakkwato. Wannan karon Hajo ba ta aiki kowa ba, ta ɗaura zane ta shiga mota. Ko a can, da aka zo yanka kati, Basira ce ta faɗi sunan mara lafiya.

Likitan, wani mai suna Shafi'u, ya ɗauki hoton ciki ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaya, "Mama, ta taɓa yin tsargiya tana yarinya?"

Hajo ta ce, "Ta yi."

Ya yi mata bayani a hankali. Tsargiya tsutsa ce, in ji shi, tana fitowa daga katantanwar ruwa mai kwance ta shiga ta fata, ta zauna cikin jijiyoyin jini tana zuba ƙwai. Ƙwan na maƙalewa a mafitsara, jiki kuma na yaƙi da su shekara da shekaru, har wurin ya yi tabo ya ƙanƙance. Jini na iya ɗaukewa ɓarna na ci gaba. A jikin Mardiyya hanyoyin da fitsari ke bi daga ƙoda sun toshe, ƙoda ɗaya ta riga ta lalace, ɗayar ce za a yi ƙoƙarin cetowa. Za su yi mata aiki su sa roba don ruwa ya samu hanya.

Hajo ta ce, "Likita, akwai wasu da sunka zo da sanda suna ba yara magani. Da ta sha shi, da wanga abu bai same ta ba?"

"Ba zan rantse miki ba, Mama," in ji shi. "Maganin yana kashe tsutsar, kuma shan sa da wuri yana rage ɓarna sosai. Amma in yaro ya koma ruwan, tana sake shiga. Wasu sun yi tsargiya sun tsufa lafiya, wasu kuma ƙodarsu ta lalace ba tare da ita ba. A nata, ina kyautata zaton ita ce. Fiye da haka Allah ne masani."

Wannan amsa ta fi kowace zafi. Da ya ce laifinta ne, da ta san abin da za ta roƙi gafara a kai. Da ya ce ba ruwanta, da ta yi barci. Sai ya bar ta a tsakiya. Kwana biyu tana zaune a tabarma a harabar asibiti tana lissafi da kanta. Basira da Hamza sun sha magani, ga su garau. Amma ai su ba su yi wankin ƙore ba. To wa ya tura waccan wankin ƙore? Duk ta inda ta bi, kanta take tararwa a tsaye. Ta tuna yabon da mata ke yi mata, ta ji kunyar da ba irin wadda ta saba ba.

Ranar Laraba da hantsi aka shiga da Mardiyya, bayan azahar aka fito da ita. Likita ya ce aikin ya yi kyau, sauran sai a ga yadda ƙodar za ta karɓa. Tana kwance ido rufe, maganin barci bai sake ta ba. Basira ta tafi karɓo magani, Badaru na masallaci, Hajo kaɗai ce a bakin gado, sai matan da ke jinyar nasu a sauran gadaje.

Wata nas ta zo ta taɓa goshin mara lafiyar ta ce, "Mama, ki kira ta. Sun fi saurin farkawa in sun ji muryar nasu."

Hajo ta sunkuya ta ce, "Ke."

Mardiyya ba ta motsa ba.

"Ke, tashi."

"Da sunanta, Mama," in ji nas, tana gyara ledar ruwa. "Ba 'yarki ba ce?"

Hajo ta dubi ɗakin. Mata sun fi goma, wasu sun juyo suna kallo. Shekara ashirin da biyar sunan na cikin ƙirjinta, ba ta ma san yadda zai fito ba. Da ya fito kuwa, muryar da ake ji har kasuwa ta koma 'yar ƙarama.

"Mardiyya."

Gashin idon ya motsa. Hajo ta sake kira, da ɗan ƙarfi. Mardiyya ta buɗe ido ta dubi nas, ta dubi ƙofa, tana neman mai kiran.

"Wa ak kirana?"

"Ni ta," in ji Hajo. "Ni ta, Mardiyya."

Mardiyya ta juyo ta dube ta. Sannan ta ce, "Adda, ashe kin san shi."

Hawaye suka ɓalle wa Hajo, ba ta share ba, kowa ya gani. Ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Akwai abin da za ni hwaɗa miki. Ranar da masu sanda sunka zo ruga, ina gindin tsamiya, kina bakin tabki. Anka tambaye ni ko akwai sauran yaro."

"Na sani," in ji Mardiyya a hankali. "Na gan ki. Kin kai hannu ga baki, sai na aje ƙwarya na hito daga ruwa, na tsaya ina jira. Da kinka gyara kallabi, sai na koma wanki."