Wanda ya rufe mani asusun caca

Jama'a, ku saurara!

Kun san doka ta hana buɗe asusun cacar ƙwallo sai da katin ɗan ƙasa. Don kada sunana ya fito, na yi rajista da katin marigayi Baba da layinsa.

Yau a tashar Kankiya na duba, asusu a rufe! Na kira kamfanin.

Wata mata ta ce, "Mai asusun ne ya kira da hantsi, ya ce a rufe."

Na ce, "Hajiya, shekararsa biyu da rasuwa!"

Ta ce, "Daga layinsa ya kira. Ya ce a gaya ma Magaji ya isa haka."

Layin nan yana cikin wayata fa! Kuma Baba kaɗai ke ce mani Magaji.